Gashin Goshina da Tukwanen Kaka

Tun ina 'yar shekara shida, hannu ɗaya ne ke taɓa kaina. Wata tsohuwa ce a unguwarmu a Galma, gidanta na bayan rumbunan kawuna. Kaka muke ce mata, ko da yake ba ita ta haifi uwata ko ubana ba. Ita ta yi wa Inna kitson aure, ita ke yi wa yayyena, saboda haka ranar da gashina ya isa kamawa ba a yi shawara da kowa ba, Inna ta kama hannuna ta kai ni.

Gidan sauran masu kitso kamar bakin rijiya yake, ana hira ana shewa. Gidan Kaka shiru ne. Ba ta kitso sai rana ta take tsaka, wai a lokacin ne take ganin tsaga sosai. Takan kife turmi a inuwar aduwa ta zauna, ke ki zauna a ƙasa, ta matse kanki tsakanin gwiwoyinta, ta zaro kibiyar ƙarfe da take tsaga gashi da ita. Daga nan ba abin da za ki ji sai numfashinta a kanki da kukan kurciya. In ta zo kan gashin goshi, ƙananan nan da sauran masu kitso kan bari, sai ta tsince su ɗaya ɗaya ta ja, har ki ji girarki ta ɗaga. Kwana uku ba na iya dariya, in zan yi sujuda sai da dabara. Ƙananan ƙuraje su jeru a bakin goshina kamar an shuka su. In na yi kuka Inna ta ce, "Kitson da bai yi zahi ba, ba shi kwana." Kuma gaskiyarta, kitson Kaka yakan yi wata da rabi bai tashi ba, ko a kasuwar Bangi aka ga mace da shi an san daga hannun da ta fito.

Kaka ba ta barin gashi ya faɗi ƙasa. Duk silin da ya biyo matsefi sai ta murza shi da yatsu ta cusa a ƙugun zanenta. Wannan bai dami kowa ba, don duk mun tashi muna jin cewa in tsuntsu ya yi sheƙa da gashinki za ki yi ciwon kai da ba ya jin magani, in kuma mugu ya tsinta sai abin da Allah ya yi. Haka nan, duk yarinyar da aka kawo mata karon farko sai ta nemi ɗan ƙyalle daga tufafinta, wai na goge kibiya. Ni Inna ta yagar mata bakin wata shuɗiyar rigata mai zanen kifi.

Na yi lakkwal, wato makaranta, a Madawa, na zama malama, amma duk hutu ina isowa gida, washegari ina ƙasan aduwa. Ban taɓa tunanin in canza ba. Barin Kaka a tafi wurin wata kamar a ce mata ta tsufa ne a gaban jama'a.

Ina da shekara ashirin da shida aka tura ni koyarwa Keita. Na kama ɗaki a gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu, ina ce mata Gwaggo. A ƙuruciyarta tana cikin matan da suka ɗauki duwatsu a ka suka jera su a jikin tsaunukan garin don tare ruwa, kuma ba ta iya ɓoye abin da ta gani. Wata Asabar ina tsefe kai a tsakar gida ta tsaya a kaina da ƙwarya a hannu.

"Madam, wa ka yi miki kitso?"

Na ce, "Wata tsohuwa can garinmu."

"To goshinki shina tahiya baya. Kin duba?"

Na yi dariya, na ce haka aka halicce ni da faɗin goshi. Ta shiga ɗaki ta fito da madubi, ta kama yatsuna uku ta ɗora a gefen goshina na dama. Yatsun nan uku suka zauna a kan fata, sumul, tana sheƙi. Na hagu ma haka, sai dai bai kai na dama ba. Kullum ina ɗaura kallabi da sassafe in fita, ban taɓa tsayawa na kalli wurin da kyau ba. Na shiga ɗaki na buɗe salula ina duba tsofaffin hotuna. A hoton ranar da muka gama karatu gashin yana nan har kusa da gira.

Ranar Litinin bayan an tashi na tafi gidan likita. Ma'aikaciyar da na samu ta haska wurin da fitila, ta shafa, ta tambaye ni ko yana ƙaiƙayi. Ta ce ba makero ba ne, ba kuma wata cuta ba ce, ja ne kawai, shekara da shekaru ana jan gashin daga saiwarsa har ya gaji. Ta ce in bar kitso mai ƙarfi, in bar ƙarin gashi, in daina tamke kallabi a wuri ɗaya, in riƙa shafa mai a hankali ba da ƙarfi ba. "Inda saiwa ba ta mutu ba zai hito," in ji ta, "amma sai kin yi haƙuri, ba abin kwana goma ba ne. Inda ta mutu kuwa, kar wani ya sayar miki da magani." Ta ce in riƙa ɗaukar hoton wurin duk wata, don ido yakan yi wa mutum ƙarya.

Da hutun sanyi ya zo na tafi gida da kaina a tsefe, an kama shi gida huɗu sako-sako. Na kwana uku ban je ƙasan aduwa ba. Rana ta huɗu, rana tsaka, muna zaune da Inna tana tsince wake, sai hasken ƙofa ya ragu. Kaka ce tsaye. Ban ji sallamarta ba, Inna ma ta ce ba ta ji ba. A sanina ba ta shiga gidan mutane, ita ake zuwa wa.

"An ce kin zo," ta ce.

Na durƙusa na gaishe ta. Na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na ce likita sun hana ni kitso na ɗan lokaci. Ta matso, ta zame kallabina da yatsa ɗaya ba tare da ta tambaya ba. Hannunta sanyi ƙalau duk da ranar da ta ratso. Ta bi bakin goshina da babban yatsa daga wannan kunne zuwa wancan, a hankali, kamar mai ƙirga wani abu.

"Abin da ya zuba bai ɓace ba, ɗiyata," ta ce. "Ni ban taɓa yadda na kowa ba."

Ta juya ta fita. Inna ta bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ta ce mini, "Kin kunyata ni." Ganina na ƙarshe da Kaka ke nan.

Da na koma Keita, Gwaggo ta ɗauki kaina ta mai da shi aikinta. Duk Juma'a ta wanke mini da karkashi, ta shafa man kaɗe da tafin hannu. Ita ce kuma ta fara kwaɓa lalle tana sa mini a bakin goshi, wai yana sanyaya fata. Ban taɓa sa lalle a ka ba kafin nan, a gidanmu na hannu da ƙafa ne kawai. Bayan wata uku hoton ya fara nuna wani abu: wasu 'yan ƙananan gashi, laushi kamar na jariri, lalle ya mai da su jajaye. Nakan tsaya a gaban madubi in karkata kai wajen haske don in gan su. Na yi murna irin wadda ban faɗa wa kowa ba.

Wata Talata cikin bazara ina rubutu a allo, saura kaɗan a tashi, sai na ji an kama gefen goshina duka biyu an ja baya. Ba ciwon kai ba ne, na san ciwon kai. Ja ne, irin wanda na sani tun ina ƙarama, har na ji girata ta ɗaga. Alli ya faɗi daga hannuna. Na waiga, babu kowa bayana sai tebur, yara suna zaune a wurarensu suna kallona. Abin ya ɗauki kamar tsawon karatun Fatiha, sannan ya sake ni. Na zauna na sha ruwa na ce wa kaina zafin rana ne.

Bayan la'asar Inna ta kira ni a waya.

"Kaka ta rasu," ta ce.

Na yi salati, na tambaye ta ko ta yi jinya.

"Ko kaɗan. Rana tsaka ta hito ta kihe turmi ta zamna ƙasan aduwa, kibiya ga hannunta. Maƙwabta sunka ɗauka wata taka jira. Babu kowa gabanta. Da anka je tada ta, ta riga ta tahi."

Ban gaya wa Inna abin da ya same ni a kilas ba. Gwaggo na gaya wa, da muna cin tuwo. Ta ajiye lomar da ta ɗauka, ta dube ni, ta ce in yi wa tsohuwar sadaka in roƙa mata gafara, in kuma nemi ta yafe mini. Na sayi gero aka dama fura aka raba a ƙofar masallaci ranar Juma'a.

Abin bai tsaya ba. Ba kullum ba ne, amma in zai zo, rana tsaka yake zuwa. Wani lokaci a kilas, wani lokaci a hanya ina dawowa gida, sau ɗaya a kasuwa ina taya tumatir. Sai in tsaya cik har ya wuce. Na koma likita, ma'aikaciyar ta ce fatar da aka daɗe ana ja takan yi haka, ga zafi, ga tunani, ta ba ni maganin ciwon kai. Na yarda da ita, don maganarta ta fi sauƙin ɗauka.

Abin da na kasa samun bayaninsa shi ne gefen dama. Na hagu yana ta cika a hankali. Na dama kuwa sai jajayen gashin su fito, in gan su a hoto, bayan mako biyu in duba babu su. Gashin da ya zuba ana ganinsa, ko a matashi, ko a cikin kallabi, ko a ruwan wanki. Na shimfiɗa farin ƙyalle a matashina, na riƙa juya kallabina ina dubawa a rana. Ban taɓa tsintar ko ɗaya ba. Gwaggo ma ta duba ƙwaryar wankin kai har ta gaji, ta ce, "Wannan ban san shi ba."

Da aka yi babban hutu damina ta kankama. Na hau mota ta Buza, muka yi rabin yini a hanya saboda ruwa ya cinye wani wuri. Na tarar gero ya kai gwiwa, na kuma tarar ɗiyar Kaka, wadda ke aure a Buza, ta zo kwashe kayan uwarta, don ruwa ya tsaga bangon ɗakin ana tsoron ya faɗi. Kwana biyu da isowata ta aiko gida gida cewa duk macen da Kaka ta taɓa yi wa kitso ta zo da hantsi.

Mun taru mun fi talatin, tsofaffi da matan aure da 'yan mata. An fito da tukwane uku na ƙasa daga ƙarƙashin gadon Kaka, an ajiye a tabarma, bakin kowace a ɗaure da tsumma. Ɗiyar ta ce, "Na buɗe guda na ruhe. Ban iya yin komi da su ni kaɗai." Ta kwance ta juye.

Ƙulle-ƙulle ne suka gangaro, wasu kamar ƙwan zabo, wasu kamar dunƙulen hannu, kowanne a naɗe da ƙyalle an ɗaure shi da baƙin zare. Wani wari ya tashi, na tsohon man shanu da ƙasa. Da farko ba wadda ta motsa. Sai wata tsohuwa ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ce da ƙaramar murya, "Wagga atamfar aurena ce." Daga nan mata suka durƙusa suna tonawa, ba mai magana da ƙarfi. Kowace ta gane ƙyallenta, ko uwarta ta gane mata. Wata ta ɗauki na ƙanwarta da ta rasu wajen haihuwa ta rungume shi ta fita.

Inna ce ta ga nawa, shuɗi mai zanen kifi, launin ya koɗe. Yana cikin manya. Na karɓa, ba shi da nauyi ko kaɗan, amma a ɗaure yake tamau kamar dutse. Na gwada kwance zaren da farce na kasa. Ɗiyar Kaka ta miƙo mini kibiyar uwarta. Na dubi ƙarfen nan, bakinsa ya yi fari don aiki, na ce a'a, a ba ni reza.

Da na yanke zaren ƙullin ya buɗe da kansa a tafin hannuna. Gashina ne, na shekara ashirin, a jere yadda aka tara shi. Can ciki mai laushi na yarinta. Sai mai tsawo, har da guntayen zaren ulu na lokacin da muke yayinsa a Madawa. A sama duka, daidai ƙarƙashin ƙyallen, akwai ɗan tsunkule na gajerun gashi, ba su kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, laushi, jajaye.

Na daɗe ina kallonsu.

"Inna," na ce, "dubi wannan."

Ta leƙo. Ta dubi goshina, inda lallen Gwaggo ya rina gefen hagu, ta sake duban hannuna. "Tsohon gashi shina ja in ya daɗe," ta ce da sauri.

"Ai wannan ne na sama. Na ciki da ya fi daɗewa baƙi ne."

"To na wata ne ya garwaye."

Ɗiyar Kaka tana jinmu. Ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Tsohuwa ba ta garwaya na kowa. Kuma shekara goma ba ta fita daga Galma ba."

Inna ta karɓe ƙullin daga hannuna ta naɗe a bakin mayafinta, ta ce in tashi. Muka bi ta bayan gida har gindin wata kurna da ke bakin gonarmu. Ta karɓi fartanya wurin maƙwabciya, ta yi rami da kanta har ya kai gwiwar hannu, ba ta bar ni na taɓa ba. Ta yi bisimilla ta saka, ta mai da ƙasa ta tattake, ta ɗora dutse. Muna dawowa ta ce, "Kar in ji wagga magana bakinki cikin gari. Matar nan ta tsare miki shi ne don kar wani ya cuce ki. Ki roƙa mata rahama." Ina tafe ina tunanin hannun da ya yi shekara ashirin yana tsince gashina daga matsefi don kar tsuntsu ya ɗauka, shi ne kuma yake tuge shi daga saiwa, kuma na tabbata har ta mutu ba ta ga laifi a cikin ko ɗaya ba.

Ƙulli goma sha wani abu suka rage ba mai su, na matan da suka mutu ko suka yi aure nesa. Ɗiyar Kaka ta tambayi liman, ya ce a binne su wuri ɗaya. Aka binne, aka fasa tukwanen, ɗakin kuma ya faɗi da kansa kafin a yi girbi.

Jan ya sake zuwa mini sau biyu a cikin hutun nan, sannan ban ƙara jinsa ba. Ba zan ce binnewar ce ta tsai da shi ba, don a lokacin gari ya yi sanyi, ina hutawa, ina cin abincin gida. Na dai san da na koma Keita, gashin da ya fito a gefen dama ya zauna. Wata bayan wata hoton yana nuna shi yana ƙaruwa. Bayan shekara ɗaya da rabi, cikin yatsu ukun nan biyu sun rufe. Na ukun, can lungu wajen dama, yana nan sumul har yau. Ma'aikaciyar likita ta duba ta ce nan saiwar ta mutu, in bar wahalar da kaina. Na daina sa lalle. Gwaggo ce ke kama mini kai yanzu, manya manya guda shida, ba ta taɓa na goshi, in ya yi kwana goma ya tashi mu sake.

A kilas ɗina akwai 'yan mata da nake gani ranar Litinin girarsu a ɗage, suna juya wuya gaba ɗaya in an kira su. Da aka yi taron iyaye a ƙarshen shekarar da ta wuce, bayan maza sun fita, na roƙi matan su ɗan tsaya. Na cire kallabina a gabansu, abin da ban taɓa yi a lakkwal ba, na nuna musu lungun nan, na ce kitso ne ya yi shi. Wasu suka yi dariya suka rufe baki. Wata ta ce ita uwarta da kakarta duk haka aka yi musu kuma ba su mutu ba. Na ce gaskiya ne, na mai da kallabina. Mako na gaba yara biyu suka zo da kitso sako-sako, sauran suka zo yadda suka saba.